Yadda Ake Tara Tsofaffin Kayan Hannu da na Ado na Ƙasar Hausa

A kusan kowane tsohon gida na ƙasar Hausa akwai wani lungu, ko ƙarƙashin gado, ko cikin adudu, inda aka ajiye kayan da aka daina amfani da su amma ba a yarda a zubar ba. A nan ake samun tasoshin jeren kaka, da akushin da aka daina zuba tuwo a ciki, da ƙwarya mai zane wadda mai gyartai ya ɗinke, da gafakar wani malami, da babbar rigar saƙi da aka sa a sallar wata shekara aka linke. Irin waɗannan kaya suna ƙarewa da sauri, domin 'yan gwangwan suna bin gida gida suna sayen tasoshi da butocin tagulla a kan sikeli don a narkar, gara da asu suna cin rabonsu, sauran kuma ana watsar da su ranar da aka tashi rushe ginin ƙasa a yi na siminti. Wanda yake son ya tara su yana bukatar kuɗi kaɗan, amma abin da ya fi bukata shi ne sanin kayan, da sanin doka, da kuma juriyar rubuta labarin kowane abu da ya shigo hannunsa, domin tasar da ba a san inda ta fito ba ta rasa rabin darajarta tun kafin a taya.

Abu na farko shi ne mutum ya taƙaita kansa. Sana'o'in hannu na ƙasar nan suna da yawa: akwai ƙira, da dukanci, da saƙa, da rini, da ɗinki, da sassaƙa, da ginin tukwane, da saƙar faifai da tabarma, kuma kowace ɗaya tana iya cinye rayuwar mai bincike. Wanda ya ce zai sayi duk tsohon abin da ya gani, ƙarshenta zai cika ɗaki da tarkace ba tare da ya ƙware a ko ɗaya ba. Ya fi kyau ya zaɓi fanni guda, kamar ƙore da ludaya, ko kayan doki irin su likkafa da linzami da jalala, ko allunan zayyana, ko kayan jere na mata, ko kuma ya zaɓi gari guda ya ce kayan fatar Damagaram kawai zai bi. A ganina kayan jere sun fi dacewa da mai farawa, saboda har yanzu suna da araha, suna da yawa, kuma matan da suka yi amfani da su suna raye suna iya ba da labari.

Kafin ya kashe ko kwabo, ya kamata ya horar da idonsa a kan kayan da aka tabbatar da asalinsu. A Kano akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, a Jos akwai gidan tarihin da aka buɗe tun 1952, a Kaduna akwai gidan tarihi na ƙasa da kuma Arewa House, a Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, a Yamai kuma akwai gidan tarihi na Boubou Hama wanda aka kafa a 1959, inda masu sana'a suke zaune suna aiki a gaban jama'a. Ziyarar wuni guda a tsaitsaye ba ta isa ba. A je a zauna da abu guda, a dubi kaurinsa, da yadda aka gama bakinsa, da inda ya goge, a kuma yi wa ma'aikatan tambaya. Bayan haka sai a nemi tsofaffin masu sana'ar kansu, domin baduku mai shekara saba'in yana iya riƙe kube ya faɗi garin da aka ɗinka shi daga yanayin ɗinkin kawai, kuma wannan ilimi ne da ba a rubuta shi a ko'ina ba. Wanda ya yi 'yan watanni yana zama a wurin maƙeran fari ko a bakin karofin Ƙofar Mata yana kallo, zai gane aikin ƙwararre da na koyo ba tare da an faɗa masa ba.

Maganar doka tana zuwa ne kafin maganar ciniki, kuma a nan ne mutane da yawa suke shiga matsala da kyakkyawar niyya. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Najeriya a 1979 ta ɗauki duk wani aikin hannu na 'yan ƙasa da aka yi kafin shekarar 1918 a matsayin kayan tarihi, ko makami ne, ko ƙofa, ko ganga, ko kayan ado, ko rubutun hannu. Haka nan ta haɗa da abin da aka taɓa amfani da shi wajen wata al'ada ta gargajiya idan yana da muhimmanci na tarihi ko na fasaha, ko da bai kai waɗannan shekaru ba, tare da duk abin da aka tono daga ƙasa na mutanen da. Irin waɗannan kaya doka ta hana saye ko sayar da su sai ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi, kuma ta hana fitar da su daga ƙasa ba tare da takardar izini ba. Nijar ma tana da tata dokar ta 1997 a kan kare kayan tarihi, kuma Najeriya ta shiga yarjejeniyar 1970 ta UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta hana fataucinsu tsakanin ƙasashe. Abin da wannan yake nufi ga mai tarawa shi ne, filinsa na halal shi ne kayan da aka yi bayan 1918, wato aikin da aka yi daga lokacin zuwa yau, tsawon fiye da shekara 100, kuma wannan fili ne mai faɗi ƙwarai. Abin da ya gada a gidansu wanda ya girmi haka, sai ya riƙe shi ya nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi mafi kusa.

Akwai kayan da bai kamata ma a tsaya taya su ba. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda aka fara cin karo da su wajen haƙar kuza a 1928 kuma shekarunsu suka haura 2,000, da makamantansu da ake tonowa a yankunan Katsina da Sakkwato, da na Bura a Nijar, duk suna cikin jerin kayan da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta yi gargaɗi a kansu tun shekarar 2000. Duk wanda aka kawo wa irinsu a buhu, ɗayan biyu ne: ko na jabu ne, ko kuwa an tone wani kufai ne a ɓoye an lalata shaidar da ba za ta dawo ba. Haka nan hauren giwa, wanda aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989. Kayan sarauta kuma, kamar tambari da kakaki da sandar girma, na masarauta ne ba na wanda yake riƙe da su ba, saboda haka idan aka gan su a hannun dillali sai a yi zaton fitar da su aka yi ta bayan gida.

Wurin nema na farko shi ne gidan mutum da na danginsa, kuma a nan ne ake samun kaya mafi cikakken labari. Bayan haka sai kasuwanni. Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, tana da rumfunan da ake ajiye tsofaffin kaya a can ciki, bayan sababbin da aka jera don baƙi, kuma ba a fito da su sai ga wanda aka saba da fuskarsa. Bida ita ce gidan aikin tagulla da na duwatsun ƙarau, Kura ta yi suna a baƙin rini mai ƙyalli, Agadas da Damagaram kuma a azurfa da fata. Kasuwannin ƙauye na mako mako sun fi araha, amma suna son sammako da haƙuri, domin ana iya zuwa sau da yawa a dawo hannu rabbana. Kada kuma a raina wurin 'yan gwangwan: wanda ya ƙulla hulɗa da ɗaya ko biyu daga cikinsu, ya ce su ware masa duk tasa ko shantali mai zane kafin a kai wa masu narkarwa, ya kuma biya su fiye da kuɗin kilo, zai ceci abubuwa masu kyau a kan farashi mai sauƙi. Sai dai a nan dole a yi tambaya sosai, tun da kayan sata ma ta wannan hanya suke bi. Saye ta intanet daga hoto kawai kuwa cinikin biri a sama ne, sai in mai sayarwa sananne ne kuma ya yarda a mayar masa idan abin bai yi ba.

Sayen kaya a cikin gidaje yana da nasa ladabi. Idan mai kayan ya rasu, a tabbatar an raba gado kuma wanda yake sayarwa shi ne abin ya faɗo wa, domin rigar mamaci da ɗa guda ya ɗauko ya sayar kafin rabo hakkin sauran magada ce, kuma rigimarta tana iya biyo mai saye har gida. Idan tsohuwa ce take sayar da tasoshinta saboda lalura, a biya ta abin da ya dace ko da ita ba ta san darajarsu ba. Wannan hakki ne, kuma yana da amfani ga mai tarawa, saboda unguwa ɗaya ce take gaya wa ɗaya cewa wane ba ya cuta. Namiji ya nemi wata 'yar'uwarsa ta shiga masa cikin gida, domin mata sun fi sakin jiki da mata a kan zancen jere.

Gane shekarun abu shi ne aikin da ya fi wuya, kuma hanya mafi inganci ita ce tambaya. Tsofaffi ba kasafai suke riƙe shekara da lamba ba, amma suna riƙe ta da abin da ya faru. Maimakon a ce wace shekara aka saya, sai a ce: "Hajiya, wannan tasar a jerenki ta zo, ko ta mahaifiyarki ce? Da aka yi bikinki, wa yake sarauta?" Idan Bakanuwa ta ce zamanin Sarki Alhaji ne, an san tsakanin 1926 da 1953 ke nan, lokacin Abdullahi Bayero. Idan ta ce zamanin Sarki Sanusi, wato Muhammadu Sanusi na ɗaya, to daga 1953 zuwa 1963 ne. Zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da canjin hannun tuƙi na 1972, da canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, duk alamomi ne da mutane suke tunawa da su. A Nijar kuma ana lissafi da zamanin Diori Hamani, wanda ya ƙare a 1974, da na Seyni Kountché wanda ya kai 1987. A yi tambayar ta fuska biyu ko uku, a kuma tambayi wani daban a gidan, domin tunani yakan haɗa auren fari da na biyu.

Idan babu mai ba da labari, sai a koma ga jikin abin. Kwanukan langa da kwalla da fanteka sun fi sauƙi, saboda yawancinsu suna da hatimin kamfani a gindi. An riƙa shigo da su daga Turai da Hong Kong kafin masana'antun cikin gida su fara yin su a wajajen samun 'yancin kai, kuma kwanon da aka buga masa sunan Cekoslobakiya ya girmi 1993, tun da daga shekarar ƙasar ta rabu biyu. Tasoshin tagulla na hannu kuwa, a juya su a dubi ciki da gindi a gefen haske: aikin guduma yana barin ƙananan sawu marasa daidaito, zanen da aka buga da kurfi yana ɗan karkacewa nan da can, kuma kaurin bakin ba ya zama ɗaya duk zagaye. Abin da inji ya matsa sumul yake, zanensa yana maimaita kansa ba kuskure. Nauyi ma shaida ne, domin tsofaffin maƙera ba su yi rowar ƙarfe ba.

Tufafi sun fi kowane fanni ba da shaida ga wanda ya iya dubawa, kuma sun cancanci a tsaya a kansu. Tsohuwar riga ta saƙi an haɗa ta ne da ƙyallaye sirara waɗanda masaƙi ya saƙa ɗaya bayan ɗaya, aka jera su aka ɗinke da hannu, kuma yawanci sirantar ƙyallen da yawansu alama ce ta tsadar rigar a zamaninta. Zaren da mata suka kaɗa da mazari yana da kauri a wani wuri da siranta a wani, alhali zaren masana'anta, wanda ya yawaita bayan buɗe masaƙar Kaduna a 1957, daidai yake daga farko har ƙarshe. A juya aikin wuya da na aljihu, ko aska biyu ne ko aska takwas, a dubi bayansa: aikin allura yana da ƙulle-ƙulle da tsallake, na keke kuwa sarƙa ce mai tafiya bai ɗaya. Idan ana shakkar zare, a zaro ɗan guntu daga inda ya riga ya warware a ƙona shi. Auduga tana ƙaurin takarda ta bar toka mai laushi, tsamiya da alharini suna ƙaurin gashi, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Baƙin rini na baba wanda aka buga da shuni yana barin launi a yatsa, kuma idan ya tsufa yana kwanciya ne a hankali, ya fi koɗewa a kafaɗa da wurin linki. A duba har da shafi na ciki da bakin wuya, inda gumi da turare suke barin tabo, domin riga mai shekara sittin da ba ta da ko alamar wuya, ko dai ba a taɓa sa ta ba ko kuwa ba ta kai shekarun ba.

A kayan azurfa akwai tarko guda da ya kamata a sani. Kuɗin azurfar nan na Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Teresa, wanda mata suka riƙa yin ado da shi kuma maƙera suka riƙa narkarwa, yana ɗauke da shekarar 1780 ne ko yaushe aka buga shi, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekara har cikin ƙarni na 20 da bayansa. Saboda haka ganin 1780 ba hujja ba ce ta tsufa. Mundaye da zobba da yawa da ake kira azurfa kuma gauraye ne na wasu ƙarafa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a kai wa maƙerin fari ya gwada. Takardun rubutun hannu su ma suna da alamarsu, domin idan aka ɗaga takardar ƙarni na 19 a haske akan ga tambarin jinjirin wata uku na masana'antun Italiya, sai dai irin waɗannan sun shiga ƙarƙashin dokar da aka ambata, kuma wurinsu shi ne hannun zuriyar malamin ko cibiyar da za ta ɗauki hotonsu ta adana.

Masu tsufar da sabon kaya suna da dabaru sanannu: a rataye sassaƙa a madafa ta sha hayaƙi, a binne ƙarfe a ƙasa mai danshi, a shafa man takalmi, a huda itace da ƙusa don ya yi kama da cin ƙwaro. Abin da yake tona su shi ne cewa tsufa na gaskiya yana bin amfani. Akushi yana gogewa a baki da gindi da inda hannu yake kamawa, cikinsa kuma yana da sawun wanki na shekaru. Likkafa tana cinyewa inda ƙafa take takawa da inda igiya take ratsawa. Abin da ya tsufa ko'ina daidai wa daida, har cikin lungun da hannu ba ya kaiwa, an tsufar da shi ne. A shinshina, a kuma goga farin ƙyalle mai ɗan danshi a wani ɓoyayyen gefe. Gyara na da kuwa ba aibi ba ne. Ɗinkin gyartai a jikin ƙwarya, ko facin dalma a gindin buta, shaida ce cewa masu abin sun ƙaunace shi, kuma ni na fi son ƙwarya mai ɗinki uku da labari a kan lafiyayya wadda ba a san mai ita ba.

Wani lokaci akan san mai aikin da sunansa, kuma wannan yana ɗaga daraja ƙwarai. Misali mafi shahara shi ne Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar ƙabilar Gwari wadda hotonta yake bayan takardar naira 20. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana cikin waɗanda suka fara tara tukwanenta a fadarsa, a can ne wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew ya gan su, kuma a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja. Kayan cibiyar suna ɗauke da hatimin sunan Abuja da rubutun ajami, nata kuma da haruffan LK, kuma tun bayan rasuwarta a 1984 farashinsu yake hawa a kasuwannin gwanjo na Turai. Darasin da yake cikin wannan ga mai tarawa na yau shi ne ya riƙa sayen aikin gwanayen da suke raye yana rubuta sunayensu, domin abin da Sarkin ya saya a lokacin sabo ne.

Wajen ciniki, a bar mai kaya ya fara faɗa, a taya cikin mutunci, kuma kada a kushe abin da ake so don a karya farashi, domin tsofaffin 'yan kasuwa sun san wannan wasa kuma yana rufe ƙofa. A tambayi la'adar dillali tun farko. A riƙa tuna cewa araha ba ta ado: abu guda nagari ya fi goma na tsaka-tsaki, kuma wanda ya ware ɗan abin da zai kashe a wata ya tsaya a kansa, ya fi wanda yake saye da zafin sha'awa. Kada kuma a shiga wannan harka da lissafin riba, domin kasuwar sake sayarwa a cikin gida ƙarama ce, kuma yawancin kayan ba za su mayar da kuɗinsu da wuri ba.

Ranar da abu ya shigo gida, a ranar ake rubuta shi. A samu littafi mai kauri, a ba kowane abu lamba, a rubuta sunansa yadda masu shi suke kiransa, da garin da aka yi shi, da wanda ya yi in an sani, da wanda aka saya a hannunsa, da rana da farashi, da tsawo da faɗi, da duk wani tabo ko gyara. A raba abin da aka tabbatar da abin da aka ji, a rubuta "in ji mai sayarwa" inda ya kamata, domin bayan shekara goma mutum da kansa ba zai iya bambance su ba. A ɗauki hoto ta gaba da baya da gindi, a kuma naɗi muryar tsohuwar da ta ba da labari a waya idan ta yarda, a ajiye kwafi a wani wuri daban. Lambar kuma a rubuta ta a 'yar takarda a ɗaura da zare. Kada a rubuta da alƙalamin maka a jikin abin, kada kuma a manna salatif, saboda danƙonsa yana cin fata da fenti.

Adana kaya a ƙasarmu yaƙi ne da yanayi biyu masu saɓani. Hunturu yana busar da ƙwarya da itace da fata har su tsage, damina kuma tana kawo fumfuna da tsatsa. A zaɓi ɗaki mai iska wanda rana ba ta faɗawa kai tsaye, a ɗaga komai daga ƙasa a kan kanta ta ƙarfe, a janye ta daga jikin bango saboda gara, a kuma riƙa dubawa a farkon damina da ƙarshenta. Sabon abu da aka kawo, musamman na itace ko saƙa, a ware shi na 'yan makonni a kan farar takarda, idan aka ga gari mai laushi yana zuba to akwai ƙwaro a ciki. Inda wuta take tsayawa, ana iya ɗaure shi a leda a sa a firiza mai sanyi sosai na mako guda ko fiye, sannan a bar shi ya huce a cikin ledar kafin a buɗe, amma ban da abin da aka haɗa da ƙarau ko fenti mai ɓarewa. Riguna a naɗe su a farin yadin auduga da aka wanke, a riƙa canza wurin linki lokaci lokaci don kada zaren ya karye, kuma kada a rufe su a leda da damina. Idan za a sa kafur, kada ya taɓa jikin tufar.

Ɓarnar da ta fi yawa daga hannun mai kaya take fitowa, wato wajen tsaftacewa. Al'adarmu ce a dirje tasa da toka da lemon tsami har ta yi ƙyalli, kuma hakan daidai ne ga tasar da ake amfani da ita, amma kowace dirza tana cin zanen, kuma duhun da tagulla take yi da shekaru yana cikin abin da ake nema a tsohon kaya. Busasshen burushi mai laushi ya isa. Abin da ake tsoro a tagulla shi ne kore mai haske wanda yake fitowa kamar gari, domin wannan ciwo ne mai ci, kuma maganinsa na farko shi ne a raba abin da danshi a nemi masani. Baƙin ƙarfe kamar ruwan takobi ana shafa masa mai kaɗan a goge. Fata kada a cika ta da man kaɗe ko man gyaɗa, saboda yana baƙanta ta kuma yana kiran ƙwari. Tsohuwar riga mai rini ba a wanke ta, allon zayyana kuma ko ɗigon ruwa kada ya taɓa shi, tun da tawadarsa a ruwa take narkewa. Allunan da suke ɗauke da ayoyi a ajiye su a sama, a wuri mai tsarki, kamar yadda aka saba.

Wanda zai yi tafiya da kayan hannu zuwa wata ƙasa, ko da sababbi ne, ya fara kai su gidan tarihi na ƙasa a duba a ba shi takardar shaida cewa ba kayan tarihi ba ne, domin jami'an kwastan suna da ikon riƙe abin da suke shakka. Sannan mai tarawa ya yi tunanin inda kayan za su bayan ransa tun yana da lafiya, saboda magada da ba su san darajarsu ba suna iya mayar da su wurin 'yan gwangwan ɗin da aka karɓo su. Yana iya yin kyauta ko waƙafi da su ga gidan tarihi ko jami'a tun yana raye, tare da yarjejeniya a rubuce da jerin kayan da hotunansu, ko ya sa su a wasiyya matuƙar ba su wuce sulusin dukiyarsa ba. Ko wanne ya zaɓa, littafin rajistar da muryoyin da aka naɗa su tafi tare da kayan, a kuma bar kwafi guda a hannun iyali.